Hanyar Ruwa ta Bi ta Shagon Yaya

Tun kafin ta zama kansila Nas ake kiranta, bayan ta zama ma sunan bai sake ta ba. Shekaru masu yawa ta yi a ƙaramin asibitin unguwa tana wanke ciwo tana yi wa jarirai allura, har jariran suka girma suka kaɗa mata ƙuri'a. A zauren majalisar ƙaramar hukuma ita kaɗai ce mace. Abokan aikinta suna da kira iri biyu da suke yi mata. In suna neman ta ɗaga musu hannu, "Ranki ya daɗe, Kansila" ce. In kuwa ta faɗi abin da bai yi musu daɗi ba, sai wani ya gyara zama ya ce, "Haba Nas, wannan fa ba zazzaɓi ba ne."

Ranar rabon kwamitoci, Ciyaman ya dube ta da fara'a ya ce ya ware mata kwamitin walwala da tarbar baƙi. Ciyaman mutum ne mai taushin murya, ba a taɓa jin ya ce a'a ba, ba kuma a cika ganin ya cika e ɗinsa ba. Ta san aikin wannan kwamiti: jera kujeru, sauya labule, tabbatar da cewa ruwan sha ya yi sanyi.

Ta miƙe ta ce, "Ranka ya daɗe, na gode. Amma ni kwamitin ayyuka nake so."

Zauren ya ɗauki dariya. Ita ba ta yi ba. Ta ce a mazaɓarta akwai layin da ke gangare, wanda duk damina ruwa ke kwana a ɗakunan mutane. Ta ce ita ce take karɓar yaran layin a asibiti bayan ruwa ya janye, wannan da gudawa, wancan da ƙuraje har wuya, kuma ta gaji da ba da magani alhali ciwon yana kwance a cikin kwata.

Wani kansila da ake kira Dogo, wanda ya fi kowa daɗewa a majalisar, ya sunkuya ya raɗa wa Ciyaman magana. Ciyaman ya yi murmushi ya ce, "To ai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. An ba ki."

Ta koma gida tana ganin ta yi nasara. Abin da ya ɗan tsaya mata a rai kawai shi ne saurin da aka yi wajen yarda.

Da safiyar da ta fara aiki ta nemi Injiniyan ƙaramar hukuma, wani dattijo marar yawan magana, ta ce ba ta son bayani a ofis, su je ya nuna mata da ƙafa. Suka fara daga bakin babban titi, inda tsohuwar magudanar ruwa take a buɗe, faɗinta ya isa mutum ya kwanta a gicciye. Suka bi ta suna tsallake leda da fasassun robobi. Ba su yi nisa ba sai magudanar ta ɓace. An zuba mata siminti a ka, an yi shaguna a kanta jere, wannan na jingine da wancan.

Injiniya ya ce, "Nan ciwon yake. Ruwa na zuwa da ƙarfinsa, ya tarar an shaƙe masa wuya, sai ya hau titi ya gangara gidajen mutane. In ba a fasa waɗannan an buɗe ba, ko me aka yi a ƙasa aikin banza ne."

Ba sai ya nuna mata shagon farko ba. Ƙarar injin walda ta riga ta faɗa mata. Shagon yayanta ne, manne da gidan da aka haife ta, inda har yanzu mahaifiyarsu take. Na ƙarshe a jerin kuwa, mafi girma, ɗakin ajiya ne na wani attajiri da ake kira Mai Siminti, surukin Dogo.

Ta tsaya tana kallon tartsatsin wuta na fita daga ƙofar shagon. Sai yanzu ta gane raɗar da aka yi wa Ciyaman. Dara ta ci gida.

"Ka san da wannan tun farko?" ta tambayi Injiniya.

"Kowa ya sani, Kansila. Shi ya sa aikin ya tsufa a kan tebur. Duk wanda aka ba, sai ya tarar da nasa a hanya."

Yayan nan nata ba yaya ba ne kawai. Mahaifinsu ya rasu tana ƙarama, shi ya ajiye karatu ya kama walda, da hannun nan mai tabon ƙuna ya riƙe gidan har ta gama makarantar jinya. Auta yake kiranta har yau, ko a gaban 'ya'yanta.

Ba a yi nisa ba Dogo ya same ta a ofishinta, wani ɗan ɗaki a ƙarshen baranda inda ake tara karyayyun kujeru kafin a ba ta shi. Ya ja wadda ta fi lafiya ya zauna, ya miƙe dogayen ƙafafunsa har ƙarƙashin teburinta.

"Ranki ya daɗe, ni fa tausayinki nake ji," in ji shi. "Mace da ɗan'uwanta, wa zai shiga tsakani? Amma akwai mafita. Ruwa ai ba shi da ƙashi, duk inda aka lanƙwasa shi zai bi. A karkatar da magudanar ta bayan layi, a bar shagunan nan su sha iska. Kowa ya huta."

"Ta bayan layi akwai rumfunan mata."

"Rumfa ce fa, ba gini ba. Kara da buhu. Yau a ɗaga, gobe su kafa a wani wuri."

"Ruwan zai wuce a lanƙwasar?"

Ya ɗaga kafaɗa. "Zai rage. Ai ba a ce sai an gyara duniya a damina ɗaya ba."

Da ya fita ta kira Injiniya ta tambaye shi. Ya ce ana iya lanƙwasawa, amma ruwa zai riƙa tsayawa a kwanar yana tara yashi, kafin a je ko'ina an koma gidan jiya. Ya tsaya yana jiran ya ji inda za ta faɗi.

Ta ce masa ya tanadi jan fenti na sa wa shagunan alamar rushewa.

Kafin fenti ya taɓa bango, ta ga ya kamata Yaya ya ji daga bakinta. Ta je da hantsi. Yana durƙushe kan wata ƙofar ƙarfe, baƙin gilashi a fuskarsa. Ta gaishe shi, ya amsa bai ɗago ba. Sai da ya gama layin da yake yi ya kashe inji ya ɗaga gilashin zuwa goshi.

"Na ji, Auta. Tun jiya maganar take yawo. Na ce ƙarya ne."

"Ba ƙarya ba ne, Yaya."

Ya dube ta ya daɗe. "An ce akwai wata hanyar. Dogo da kansa ya zo nan ya faɗa mini."

"Hanyar ta kan rumfunan matan baya za ta bi, kuma ba za ta yi aiki ba."

"Ruwa yana da baki ne da ya ce lallai sai ta ƙarƙashina?"

"Yana da baki, Yaya. Ni na sha ganin abin da yake ci."

Ya miƙe yana goge hannu da tsumma. Ya nuna mata bango, ya nuna rufi, ya ce babu ƙusa ɗaya a wurin nan da ba shi ya buga ba. Ya ce lokacin da ya zuba simintin babu wanda ya hana shi, ma'aikatan hukumar ma a nan suke fakewa in rana ta yi zafi. Ya ce masu kawo masa aiki nan suka sani, in ya tashi wa zai bi shi? Duk gaskiya ne, ba ta musa ko ɗaya ba. Ta ce za ta nemi majalisa ta ba duk wanda abin ya shafa wuri a filin hukuma da ke bayan tasha.

"Bayan tasha," ya maimaita, kamar ta ce masa bayan duniya. Ya sauke gilashin kan idonsa. "To, Kansila, a sauka lafiya. Ina da aiki."

Wannan "Kansila" ya fi mata zafi fiye da a ce zaginta ya yi.

Ta shiga cikin gida. Inna na zaune a inuwar tsakar gida tana shafa mai a gwiwoyinta. Bangon da ke tsakaninta da shago ba kauri gare shi ba, ta ji komai.

"Zauna," in ji Inna. "Kin tsaya mini a ka kamar mai karɓar haya."

Ta zauna a bakin tabarma ta karɓi kwalbar man ta ci gaba da shafa mata.

"Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar," Inna ta ce a hankali.

"Ban yar da shi ba, Inna."

"Shi haka yake gani." Sannan Inna ta ce, "Da aka kawo ni gidan nan, kwatar nan a buɗe take, in an yi ruwa har kunne yake toshewa don ƙararta. Matan gangare kuwa lokacin ba sa kwana a tsaye da yara a kafaɗa. Na san wannan. Na kuma san abin da yayanki ya yi mana. Ni ba zan ce ki yi ba, ba zan ce ki bari ba, ku duka ni na haife ku. Abu ɗaya zan faɗa miki. In za ki yi, kada ki turo wasu ki ɓuya a ofis. Ki zo da ƙafarki ki tsaya ya gan ki."

Ta fito daga gidan ta gangara layin ƙasa. A bangon kowane gida akwai zanen da ruwan bara ya bari, wani a gwiwa, wani a ƙugu. A bakin layin wata tsohuwa take da rumfa, Mai Gawayi, wadda bakinta ya fi wuƙa kaifi, kuma ita ce ta bi gida gida lokacin zaɓe tana cewa a zaɓi Nas.

"A'a, yau manya ne a layinmu," in ji ta. "Na ɗauka kujerar mai juyawa ta juya ki har kin manta hanya."

Nas ta zauna kan buhun gawayi ba ta damu da tufafinta ba, ta kwashe komai ta faɗa mata: shagon Yaya, shawarar Dogo, da cewa a zama mai zuwa zai kawo ƙudirin a karkatar da magudanar, kuma yana da mutane.

"To mu me za mu yi? Mu da ba mu da kujera."

"Kuna da ita. Akwai bencina a bayan zauren, na jama'a ne. Duk mai so yana iya shiga ya zauna ya saurara."

Mai Gawayi ta saki baki. "Ashe ana shiga?"

"Ana shiga. Ba a dai taɓa faɗa muku ba ne."

"Ana magana?"

"Ba a magana. Kallo kawai."

Tsohuwar ta yi dariya har da tari. "Bar mu da kallon. Akwai kallon da ya fi magana."

Ranar zaman, masinjan majalisa ya sha aiki. Bencinan bayan sun daɗe da zama wurin ajiye matattun fankoki da tsofaffin labule, sai da ya kwashe su yana gunaguni. Mata suka cika wurin, masu rumfa da matan layin gangare, wasu da goyo, wasu da hannu baƙi ƙirin da gawayi. Da kansiloli suka fara shigowa, kowa sai ya ɗan ja birki a bakin ƙofa. Da yawansu sun ga fuskokin da suka sani: wannan ƙanwar matarsa, waccan wadda yake sayen kaya a wurinta, wata ma gwaggonsa.

Dogo bai ja da baya ba. Ya kawo ƙudirinsa da daɗin baki, ya yi maganar tausayi, ya ce hukuma uwa ce ba ta rushe wa 'ya'yanta abinci. Ya rufe da cewa ya san 'yar'uwarsu Nas tana cikin tsaka mai wuya, shi ya sa ya nema mata sauƙi.

Ta miƙe. Ta dafa tebur.

"Ranka ya daɗe, tunda an taɓo maganar, bari in ƙarasa ta da kaina. Shagon farko a kan magudanar nan na yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya riƙe ni. An ce mini in na yarda a lanƙwasa ruwa, shagonsa zai tsira, tare da sauran har na ƙarshe." Ba ta dubi Dogo ba, amma kowa ya dube shi. "Injiniya yana nan, a tambaye shi ko lanƙwasar za ta yi aiki. Ni abin da nake nema biyu ne. A buɗe magudanar a tsohuwar hanyarta, a fara da shagon yayana. Sannan duk wanda aka tayar a ba shi wuri a filin bayan tasha, babba da ƙarami awo ɗaya."

Wani daga gefe ya ce, "Nas, siyasa fa ba allura ba ce da za a soka a zare."

Ta ce, "Gaskiyarka. Amma na ga abin da ke faruwa in an rufe ciwo da bandeji ba a wanke ba."

Aka tambayi Injiniya, ya faɗi abin da ya faɗa mata, ba ƙari ba ragi. Ciyaman ya gyara murya ya ce to, masu goyon bayan karkatarwa su ce e, marasa goyo su ce a'a, shi zai auna da kunne. Ta san kunnen Ciyaman, yana jin abin da yake so ne. Ta ce dokar majalisa ta ba kowane kansila damar neman a ɗaga hannu, ita kuma ta nema.

A bayan, Mai Gawayi ta gyara zama ta harɗe hannuwa, sauran matan suka zuba ido. Babu wadda ta ce uffan. Aka ce masu son karkatarwa su ɗaga hannu. Na Dogo ya tashi, wasu suka bi shi. Wani ya ɗaga nasa rabi, ya waiwaya ya haɗa ido da gwaggonsa, sai hannun ya zarce ya sosa ƙeya. Da aka zo ɗaya ɓangaren, hannuwan suka tashi a hankali kamar masu ciwon kafaɗa, amma sun tashi. Da ƙyar ta rinjaya.

Jan fentin ya fara hawa bangon Yaya. Masu sauran shagunan, waɗanda tun farko suke cewa "in da gaske take ta fara da na gidansu," suka rasa abin faɗa.

Ranar da katafila ta zo, Nas ta riga ta isa. Ta tarar shagon babu komai a ciki, an kwashe inji da ƙarafa. Yaya yana kan rufi shi kaɗai yana ɓamɓare kwano da guduma, yana jefowa ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Jama'a sun cika titi. Direban katafila ya leƙo yana tambayarta da ido, ta ɗaga masa hannu ya jira. Suka tsaya a rana har Yaya ya cire kwanon ƙarshe, ya sauko, ya ɗaure su a kan amalanke. Ya wuce ta gabanta, kusa har tana jin warin ƙarfe a rigarsa. Bai dube ta ba.

"Yaya," ta ce.

Ya ci gaba da tura amalankensa.

Direban yana jira. Ta hango Inna a bakin ƙofar gida, ta dafa bango. Nas ta juya ta sauke hannunta, alamar direba ya fara.

Bangon bai yi gardama ba. Da haƙoran katafila suka ɗaga simintin ƙasa, wani wari ya taso da ya sa mutane suka ja baya suna toshe hanci. Baƙin ruwa ne kwance, cike da yashi da tsummoki da tayoyi, abin da shekaru suka tara. Ba ta matsa ba. Ta sha jin abin da ya fi wannan.

Shago bayan shago aka buɗe, har aka iso na ƙarshe. Nan aiki ya tsaya. Mai Siminti ya kawo lauya, lauya ya ce a dakata sai an duba, Ciyaman kuma ya ce ai bin doka wajibi ne, aka janye katafila zuwa wata unguwa. Kullum ta je ofishinsa sai ya tarbe ta da fara'a ya ce ana kan dubawa.

Ana cikin dubawar ruwan farko ya sauka, da rana tsaka, mai ƙarfi. Magudanar da aka buɗe ta kwaso shi gaba ɗaya a guje, ya zo ya daki simintin Mai Siminti ya rasa hanya, ya yi tsalle ya hau titi. Wani sashe na ruwan ya shiga ɗakin ajiyar attajirin, amma mafi yawansa gangare ya nufa, kuma ya fi na bara yawa.

Nas ta isa layin ruwa na kai mata cinya. Mata na fitar da katifu, yara na kan tagogi. Gawayin tsohuwar nan yana yawo a kan ruwa kamar garken baƙaƙen agwagi. Mai Gawayi ta hango ta, ta nufo ta tana jan zane.

"Ga aikinki nan. A da, da sallama ruwan yake shigo mana, yanzu kin buɗe masa ƙofa yana shigowa da gudu. Kin raba kanki da ɗan'uwanki, mu kuma kin ƙara mana. Wa ya ci riba?"

Wasu matan suka taru, maganganu suka yi ta fitowa, ba mai daɗi ko ɗaya. Ba ta kare kanta ba, don abin da suke faɗa a gabanta yake yana gudu. Ta karɓi bokiti daga hannun wata ta shiga kwasar ruwa daga ɗaki. Sai da hannuwanta suka gaji ta miƙe ta ce, "Aikin rabi aka yi, shi ya sa. Gobe da safe zan je ofishin Ciyaman, ba zan tashi ba sai katafila ta dawo. Wadda za ta iya, ta zo. Kada ku wanke komai. Ku zo da shi yadda yake."

Washegari barandar ofishin Ciyaman ta cika da jiƙaƙƙun katifu da tabarmi da littattafan makarantar yara da suka kumbura. Mai Gawayi, duk da faɗan jiya, ita ce a gaba, ta juye rabin buhun jiƙaƙƙen gawayi daidai bakin ƙofa ta zauna a kai. Nas ta jawo ɗaya daga karyayyun kujerun ofishinta ta zauna a tsakiyarsu. Ba su yi ihu ba, ba su tare kowa ba. Duk mai shiga dai sai ya tsallake katifa, duk mai fita sai ya ɗauki baƙi a takalmi.

Ciyaman ya aiko a ce ta shigo su yi magana. Ta ce a faɗa masa nan ma ofis ne. Rana ta take, katifu suka fara tashi da wari. Can ya fito da kansa, fara'ar ta ragu.

"Kansila, wannan ai tozarta hukuma ne."

"Ranka ya daɗe, hukumar ce ta kwana a cikin ruwa jiya. Ga ta nan zaune." Ta ce ta tambaya, babu wata kotu da ta hana aikin, maganar lauya ce kawai, majalisa kuma ta riga ta yanke. "Hadari na sake haɗuwa. In ya sauka kafin a buɗe, a nan za mu kwana, don nan ya fi gidajensu bushewa."

Ya ɗaga kai ya dubi sama. Gabas ta yi baƙi. Shi ma Mai Siminti, da ya ga abin da ruwa ya yi wa kayansa, zafin lauyansa ya sauka. Kafin yamma aka ji rurin katafila tana dawowa.

Ruwan da ya biyo baya ya bi hanyarsa. Ba a ce layin gangare ya bushe ƙaƙas ba, akwai gidajen can ƙarshe da har yanzu yake leƙa musu tsakar gida, amma babu wanda ya sake ɗaga katifa a daminar nan.

Yaya kuwa ya kafa rumfa a bayan tasha da tsofaffin kwanonsa. Da farko aiki ya yi masa ƙaranci, daga baya direbobi suka gano shi. Ta je wurinsa sau da yawa. Yakan amsa gaisuwa, ya tambayi yara, ya kunna inji. Ta daina tsammanin abin zai warke da wuri, amma ba ta daina zuwa ba. Inna ta ce ta bar shi, ƙarfe ma sai ya huce ake taɓa shi.

Da damina ta wuce Ciyaman ya yi garambawul. Ya yaba mata a gaban kowa, ya ce ƙwazo irin nata bai kamata a tsare shi wuri ɗaya ba, don haka ya karɓe kwamitin ayyuka ya ba Dogo, ita kuma ya ba ta kwamitin kwashe shara, wanda kowa ke gudu. Wasu suka sunkuyar da kai suna murmushi. Bencinan baya ba su cika kamar ranar farko ba, amma ba su sake zama fayau ba, kuma daga can aka ji wata ta yi tsaki.

Nas ta ce ta karɓa. A ranta ta san magudanar da aka buɗe, in ba a kwashe bola ba, kafin baɗi ta sake cikewa.

Da sassafe ta isa garejin motocin shara. Motocin na jere a cikin ciyawa, wata babu taya, wata kaji sun yi gida a ƙarƙashinta. Direbobi na zaune a inuwa suna hira, da suka gan ta suka miƙe suna gyara riga. Ta tambayi babbansu wacce ce ke tashi. Ya nuna guda ɗaya a can gefe, ya ce ita ma sai an tura.

Ta ajiye jakarta a kan wata tsohuwar taya ta naɗe hannun riga.

"To ku taso," ta ce. "Mu fara da ita."